Rajistar sunan kasuwanci ba ta raba ka da bashin shago

Malam, tambayarka ita ce: tunda ka yi wa shagonka rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, idan bashi ya yi wa shagon katutu, masu bin bashi za su iya taɓa gidanka da motarka? E, za su iya, muddin kotu ta yanke hukunci. A idon doka kai da shagon abu ɗaya ne, suna kawai ka yi wa rajista. Kamfani mai "Limited" shi doka ke ɗauka tamkar mutum mai zaman kansa: ya mallaki dukiya, ya ci bashi, a kai shi ƙara da sunansa. Kuma dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya buɗe irinsa, ba sai ka jawo ƙaninka ya cika lissafi ba.

Sai dai kada ka saki jiki. Da na nemi rance da sunan kamfanina, banki ya ce sai na sa hannu a matsayin mai tsaya wa bashin. Da zarar ka sa wannan hannun, katangar da ta raba dukiyarka da bashin kamfani ta rushe, idan kamfani ya gaza kai za su biyo har gida.