Amsa: yadda za ka tsira a farkon wasan Age of Empires

Ɗan'uwa, ka ce kullum abokan gaba na far maka kafin ka tara sojoji a wasan kwamfuta na Age of Empires na 1997. Ni ma na sha wannan wahalar, kuma matsalar ba ta sojoji ba ce, ta tattalin arziki ce.

Kada cibiyar garinka, wato ginin da ke fitar da ma'aikata, ta zauna banza ko na daƙiƙa ɗaya. Kowane ma'aikaci abinci 50 ne, ka riƙa fitar da su ba tsayawa. Gida ɗaya mutum huɗu yake ɗauka, don haka ka gina sabo tun kafin wuri ya cika. Nan ne yawancin sababbin 'yan wasa ke maƙalewa. Ka kafa rumbu dab da 'ya'yan itace, ka farauci barewa da giwa, ka bar zinariya da dutse sai daga baya.

Da abinci ya kai 500, ka shiga zamani na biyu, wato matakin ci gaba na gaba a wasan, sannan ka nemi 800 na shiga na uku, zamanin tagulla. Idan za ka kai hari, ka auka wa ma'aikatan abokan gaba, ba gine-gine ba.

Tsarin abin da za ka yi daƙiƙa-daƙiƙa kuwa, gara ka kalli bidiyon ƙwararrun 'yan gasa a YouTube, sun fi ni iya shi.