Wankin injin mota: akwai riba, amma sai ka san inda ruwa ba ya shiga

Wani mai wurin wankin mota ya aiko da tambaya. Ya ce masu mota suna yawan roƙonsa ya buɗe bonet ya wanke musu injin, shi kuwa yana tsoron kada mota ta ƙi tashi a ɗora masa laifi. Yana so ya san ko aikin ya cancanci ya ƙara shi cikin sana'arsa, da kayan da zai saya, da yadda zai yanka kuɗi.

Malam, ka ƙara shi. Jarin ba shi da yawa, kuma tsoron nan naka shi ne zai sa ka fi masu kwara ruwa kan injin ido rufe. Amma ka raba shi da wankin jiki, kada ka mai da shi kyauta. Aiki ne na minti 45 zuwa awa ɗaya, kuma akwai kasada a cikinsa.

Kayan aikin: kwalbar feshi biyu, sabulun ruwa na wanke-wanke ko maganin cire maiƙo da ake sayarwa a shagunan kayan mota, buroshin fenti babba da ƙarami, tsohon buroshin haƙori, tsumma mai laushi guda huɗu ko biyar, ledoji, robar ɗaure kuɗi, da sifana mai lamba 10, wadda ita ce ke kwance kan batir a yawancin motoci. In kana da na'urar hura iska, madalla. In babu, ka yi yarjejeniya da mai faci na kusa.

Kafin ka taɓa komai, ka tayar da motar a gaban mai ita. Ku saurari ƙarar tare, ku duba ko akwai wutar gargaɗi a dashbod, ka ɗauki hoton injin da wayarka. Wannan minti biyun shi ne katangarka ranar da wani zai dawo ya ce kai ka lalata masa mota. Sannan a kashe, a bar bonet a buɗe har injin ya huce, ka iya ɗora tafin hannunka a kai ba ka janye ba. Ruwan sanyi kan ƙarfe mai zafi yana iya tsaga shi, kuma sabulu yana bushewa nan take ya bar tabo.

Ka cire wayar batir ta ɓangaren da ke da alamar ragi. Ka faɗa wa mai motar tun da wuri cewa agogo zai koma farko, kuma wasu rediyoyin sai an sa musu lambar sirri kafin su sake aiki. Sai ka rufe da leda, ka ɗaure da roba: altaneta (mai cajin batir), akwatin fis, bakin da injin ke shaƙar iska, koyil (mai ba fulogi wuta) da ramukan fulogi, da ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, in tana cikin bonet. A tsofaffin motoci ka haɗa da distiributa (mai rarraba wuta ga fulogi) da kafireto (mai haɗa fetur da iska). Yawancin motocin da suka ƙi tashi bayan wanki, ko suka tashi suna rawa, ruwa ne ya kwanta a ramin fulogi ko ya shiga soket, wato mahaɗar wayoyi. Motar da ke haɗa fetur da lantarki kuwa, wadda za ka ga wayoyi masu kauri ruwan lemo a cikinta, kada ka sa mata ruwa ko kaɗan. Tsumma mai ɗan danshi ya isa, kuma ka nisanci wayoyin nan.

Fara da bushewa. Ka kakkaɓe ƙura da ganye da buroshi, musamman a lungun da ke ƙasan gilashin gaba, domin ƙurar hunturu in ta haɗu da ruwa laka take zama. Ka zuba cokali biyu na sabulu a lita ɗaya ta ruwa, ka fesa daga ƙasa zuwa sama, ka bar shi minti uku zuwa biyar, ka goga. In maganin cire maiƙo ne, ka bi ma'aunin da ke jikin robarsa, kada ka bari ya bushe kan alminiyam, yana sa shi fari-fari. Ɗauraya da ruwa mai gudu a hankali, kamar mai ba shuka ruwa. Injin feshi mai ƙarfi yana tura ruwa ya wuce robar da ke tsare soket, a nan asara take farawa.

Na san da yawa suna wanke injin da fetur ko kalanzir saboda suna narkar da baƙin mai da sauri. Kada ka yi. Suna cin roba da tiyo, kuma tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye motar wani da rumfarka. Farin garin da ke taruwa a kan batir kuwa, jiƙaƙƙiyar kanwa tana kashe shi. Ka goga da buroshin haƙori, ka kula kada ruwan ya shiga cikin batir ɗin.

Ka hure ruwa daga kowane lungu, ka share, ka cire ledojin kana ƙirgawa don kada ɗaya ta maƙale a bakin iska, ka mayar da wayar batir, ka bar injin yana aiki minti 10 zuwa 15.

Sai ƙyalli, wanda shi ne abin da mai mota ke gani. Ka sayi man goge roba da filastik mai tushen ruwa, ka zuba a tsumma ka shafa, sannan ka bi da busasshen tsumma. Kada ya taɓa fanbel, zai riƙa zamewa yana kuka. Masu shafa baƙin mai ko man birki don sheƙi suna cutar kwastoma: baƙin mai yana kumbura roba yana kama ƙura cikin kwana biyu, man birki kuma yana cin fenti.

Batun kuɗi, ka lissafa abin da mota ɗaya ke ci na sabulu, ruwa, mai da ladan yaro, ka ɗora ribarka. A ganina kada ya gaza ninkin kuɗin wankin jiki. Cikin kowane aiki ka ware kashi ɗaya cikin goma ka ajiye daban, don ranar da za ka kira bakanike da kuɗinka. Yaro ɗaya mai natsuwa za ka koya wa aikin, ba kowa ba.

Kwastomomin da za su riƙe ka su ne dillalan motoci da bakanikai masu neman inda mai ke yoyo, don a injin mai tsabta ake gane shi. Ka je ka same su, ka yi musu ragi in suna kawo motoci da yawa. Amma in ka ga yoyon mai kafin wanki, ka nuna wa mai motar, ka ajiye hoton. Kada a yi amfani da hannunka a ɓoye wa mai saye aibin da ka gani.