Saƙo yana makara tsakanin burauza da uwar garke: ina yake tsayawa?

Tambaya: Na haɗa manhajar hira da WebSocket (haɗin da ke zama a buɗe tsakanin burauza da uwar garke), Node.js mai gudanar da shirin a baya, Nginx mai karɓar buƙatu yana miƙa su a gaba. A kwamfutata saƙo nan take yake zuwa, amma da na ɗora ta a intanet sai ya yi ta jan ƙafa, wani lokaci biyar ko shida su faɗo tare. Me ke jawo haka?

Amsa: Malam, kada ka sauya komai tukuna sai ka gano inda saƙon ke tsayawa. Ba kowane saƙo lamba, ka rubuta lokacin da ya bar burauza, da lokacin da uwar garke ta karɓa, da lokacin da ta tura shi. Agogon na'urori ba ya tafiya daidai, saboda haka auna zuwa da dawowa a na'ura guda ya fi aminci.

Daga nan ka buɗe Chrome, ka danna F12, ka shiga Network, ka zaɓi WS. Lambar da kake nema ita ce 101, amsar da ke nuna an sauya zuwa WebSocket. In babu ita, to haɗin bai koma WebSocket ba. Wannan shi ne abin da na fi zargi a bayaninka, musamman in Socket.IO, laburaren aika saƙo nan take, kake amfani da ita, domin takan fara ne da tambayar uwar garke a kai a kai ta HTTP kafin ta koma WebSocket. In Nginx bai miƙa buƙatar sauyin ba, sai ta zauna a hanyar farko ba tare da ta yi ƙorafi ba, hira na tafiya amma da nauyi. Gyaransa layi uku ne a saitin Nginx: proxy_http_version ya zama 1.1, sannan a miƙa Upgrade da Connection ta proxy_set_header.

In kuwa 101 ta fito, ka lura da lokacin da jinkirin ke faruwa. Bayan shiru na minti ɗaya ne? Nginx na yanke haɗin da ya yi daƙiƙa 60 ba abin da ya fito daga uwar garke, sai dai in an ƙara proxy_read_timeout. In manhajarka ta sake haɗawa, sai saƙonnin da suka taru su zubo gaba ɗaya. Ka riƙa aika ping, wato ɗan saƙon tabbatar da haɗin na nan, duk daƙiƙa 25 ko 30, ya fi a ɗaga lokacin kawai, domin na'urorin da ke kan hanya su ma suna yanke haɗin da ya yi tsit.

Idan kowa da kowa ne ke makara a lokaci guda, Node.js ce ta shagala. Zare ɗaya ke gudanar da lambar shirinka, don haka JSON.parse na babban fayil, ko readFileSync, zai tsayar da duk saƙonni har ya gama. monitorEventLoopDelay zai nuna maka wannan ƙarara.

Ƙaramin jinkiri na milisakan 40 zuwa 200 kuwa yana iya zama tsarin Nagle ne, mai tara ƙananan bayanai kafin turawa. setNoDelay ke kashe shi.

A duba ɓangaren burauza ma. Tun Chrome 88, shafin da ya wuce minti biyar a ɓoye ana iya rage masu ƙidayar lokacinsa zuwa sau ɗaya a minti. Saƙon ya iso, amma in da setInterval kake nuna shi, sai ya jira. Ka nuna shi kai tsaye a cikin onmessage. Wajen aikawa kuma ka sa ido kan bufferedAmount, wato yawan bayanan da ke jiran fita: in yana ta hawa, layin mai aikawar ne ya kasa ɗauka, sai ka rage girman saƙo ko yawansa.