Hukuncin Kwasar Rubutun Wani a Intanet a Haɗa Littafin Sayarwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar Islamiyya ce a Aboabo, nan Kumasi. Nakan tsinto darussan tsarki da sallah a intanet, in ɗan gyara, in sa a shafina na Facebook ba sunan kowa. Yanzu iyayen yara sun ce in haɗa su littafi in sayar sidi 20. Wata ta ce mini sata ce. Ashe ilimin addini yana da mai shi?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malama, haƙƙi biyu ne a cikin tambayarki, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba.

Na farko jingina magana ga mai ita. Wannan wajibi ne, ko da kyauta kike rabawa, ko da marubucin ya rasu shekara dubu. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar cewa Annabi (SAW) ya ce mai nuna ya ƙoshi da abin da ba a ba shi ba, kamar wanda ya sa tufa biyu na ƙarya ne. Duk wanda ya karanta shafinki ya ɗauka ke kika yi wahalar binciken, alhali kin san ba ke ba ce. Sannan akwai abin da ya fi damuna: darasin da aka yanke masa asali, idan akwai kuskure a ciki, wa za a koma wa? Abdullahi ɗan Mubarak ya ce isnadi, wato ambaton daga wa aka karɓo magana, yana cikin addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Saboda haka rubuta "copied" a ƙasa, kamar yadda yaranmu suke yi, bai sauke nauyi ba. Ki faɗi sunan marubucin, da shafin, da adireshinsa.

Na biyu kuɗi. A nan malamai sun saɓa. Mufti Muhammad Shafi'u na Pakistan yana ganin ba a mallakar irin wannan haƙƙi, wasu kuma suna kafa hujja da hadisin da ya tsoratar a kan ɓoye ilimi. Amma majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa abu ne mai kima da shari'a ta kare, bai halatta a keta shi ba. Wannan nake rinjayarwa. Aya da hadisi na kowa ne. Abin da marubuci ya mallaka shi ne guminsa na tsarawa da fassarawa. Wanda ya sa wa littafinsa farashi bai ɓoye ilimi ba. Dokar Ghana ta 2005 ma ta kare rubutu tsawon rayuwar mai shi da shekara 70 bayan rasuwarsa.

Don haka ɗauko 'yan layuka ki karantar a aji tare da ambaton mai su, ba laifi. Kwashe darasi sukutum ki buga ki sayar, sai da izini. Idan mai shi ya rubuta an yarda a yaɗa amma ban da sayarwa, ki tsaya a nan, domin Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Shirun wanda kika tura wa saƙo ba izini ba ne. Idan bai amsa ba, ki koma Ahalari da Risala ki rubuta naki.

Abin da kika riga kika sa a Facebook kuwa, ki koma ki saka sunayen masu shi, ki yi istigfari.

Wallahu a'alam.