Amsoshin Tambayoyin Manoma: Tsutsar Masara, Ruɓewar Tumatir da Ajiyar Wake

Wani manomi ya tambaya: "Na yi wa masarata feshi har sau biyu, amma tsutsa ba ta daina cin ganyen ba. Shin maganin ne jabu?"

Malam, yana iya zama jabu, amma mafi yawan lokuta jinkiri ne matsalar. Wannan tsutsa, wadda ake kira fall armyworm da Turanci, asalinta daga nahiyar Amurka take, kuma a farkon shekarar 2016 aka fara tabbatar da ɓullarta a Afirka ta Yamma. Uwarta, wani ƙwaro mai kama da malam-buɗe-littafi, tana yawo ne da dare, tana zuba ƙwai a dunƙule a jikin ganye, kamar ɗari zuwa ɗari biyu a wuri guda. Ƙananan tsutsotsin da suka ƙyanƙyashe suna kankare ganye ne kawai, su bar shi shara-shara, kuma a wannan lokacin ne magani ke kashe su cikin sauƙi. Idan suka girma sai su shige can cikin zuciyar masarar, su toshe bakin da kashinsu mai kama da dusar katako, ta yadda duk feshin da aka yi daga sama ba zai kai gare su ba. Za ka gane babbar da ɗigo huɗu baƙaƙe da ke kusa da wutsiyarta.

Saboda haka, daga lokacin da masara ta tsiro, ka riƙa zagaya gonar aƙalla sau ɗaya a mako, kana tsayawa a wurare 5 kana buɗa zuciyar tsirrai 10 a kowane wuri. Idan ka ga ƙwai, ka murtsuke su da hannu. Idan ɓarnar ta yawaita, ka yi feshi da sassafe ko da yamma lis, ka saita bakin famfon cikin zuciyar shukar, sannan kada ka nace wa magani iri ɗaya, domin tsutsar tana sabawa da shi. Mai ƙaramar gona yana iya zuba toka da yashi a zuciyar kowace shuka. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake feshi ba tare da rufe hanci da hannuwa ba. Don Allah a kiyaye.

Wata baiwar Allah mai lambu a bayan gida ta ce tumatirin da ta shuka a bokitai yana yin baƙi daga ƙasa tun bai nuna ba.

Hajiya, wannan ba cuta ce mai yaɗuwa ba, kuma feshi ba zai yi maganinta ba. Sinadarin kalsiyam ne bai isa cikin 'ya'yan ba, kuma yawanci ban-ruwa ne ke jawo haka, wato yau a tsuga ruwa, gobe a bar ƙasa ta bushe ƙayau. Ki tsayar da lokacin ban-ruwa kullum, ki huda gindin bokitan, ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa a saman ƙasar domin ta riƙe danshi, sannan ki rage takin yuriya. Waɗanda suka riga suka ɓaci ki tsinke su.

Game da mai tambaya kan ajiyar wake, shawarata ita ce buhun PICS, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar. Leda biyu ne a ciki da buhu ɗaya a waje, kuma rashin iska ne ke kashe ƙwarin. A busar da waken har sai ya yi ƙas idan an ciza, a matse iskar, a ɗaure kowace leda daban, kuma kada a taɓa zuba maganin feshin gona a cikin abin da mutane za su ci.