Tambayoyi da Amsoshi: Illolin Tacrolimus Ga Waɗanda Aka Yi Wa Dashen Ƙoda

Tambayoyin wannan mako sun shafi Tacrolimus, wanda wasu suka fi sani da Prograf, maganin da ake bai wa wanda aka yi wa dashe domin ya sassauta garkuwar jikinsa, kada ta far wa sabuwar ƙodar. Tun 2002 ake dashen ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga kuma masu dawowa daga Indiya da Masar, don haka masu shansa suna ƙaruwa a cikinmu.

Tambaya daga Kano: Likita, wata biyar ke nan da yi mini dashe. Na yi gudawa ta kwana huɗu, yanzu hannuna yana karkarwa, ga ciwon kai. In rage ƙwayar ne?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Kada ka rage ko ƙwaya ɗaya da kanka, amma kada ka kwana ba ka je asibiti ba. Mutane suna zaton gudawa tana fitar da magani daga jiki, alhali ga Tacrolimus akasin haka ne, domin bangon hanji yakan lalata wani kaso na maganin kafin ya shiga jini, idan kuma gudawa ta raunana hanjin sai maganin ya wuce fiye da kima. Karkarwa da ciwon kai da rashin barci suna daga alamomin farko na yawan maganin a jini, sannan maganin yana matse jijiyoyin jini na cikin ƙodar da ake son karewa, ga kuma rashin ruwa a jiki da gudawar ke jawowa.

Za a auna maganin a jininka da safe, awa 12 bayan shan na dare, kafin ka haɗiye na safe. Wanda ya sha sannan ya ba da jini ya ɓata gwajin da kuɗinsa. Za a duba kiriyatinin, wato dattin jini da ke nuna yadda ƙoda ke aiki, da fotasiyam, wani gishiri da ke cikin jini. Abin da ya sa na hana ka ragewa shi ne, hauhawar kiriyatinin na iya zama daga yawan magani, kuma na iya zama jiki ne ya fara ƙin ƙodar saboda ƙarancinsa, maganin ɗaya kuwa kishiyar ɗayan ne. Wani lokaci sai an tsakuro ɗan naman ƙodar da allura an duba kafin a bambance. Idan aka ga ruɗewa, ko jijjiga irin ta farfaɗiya, ko dishi-dishin gani, a garzaya sashen gaggawa.

Tambaya daga Damagaram: An ɗora maigidana a kan maganin tarin fuka, sai likitansa ya ninka masa Tacrolimus. Ba zai cutar da shi ba?

Amsa: Hajiya, likitan ya yi daidai. Rifampicin da ke cikin haɗin maganin tarin yana sa hanta ta hanzarta kawar da Tacrolimus, har yakan kai sai an ninka fiye da sau biyu. Haɗarin yana ranar da aka kammala maganin tarin, domin idan ba a rage Tacrolimus ɗin ba a makonnin da ke biye, sai ya taru ya zama guba. Akwai kuma masu hauhawar da shi, kamar magungunan ƙwayoyin cuta Clarithromycin da Erythromycin da Fluconazole, da garehul, wani nau'in lemo. Diclofenac da Ibuprofen, waɗanda ake saya a kemis kamar alewa, suna ƙara wa ƙoda rauni. Jiƙe-jiƙen gargajiya kuwa ba na yarda da su ga mai dashe, tun da babu mai iya faɗa mini abin da ke ciki.

Tambaya daga Kaduna: Ban taɓa ciwon suga ba sai bayan dashe, ga gashina yana zubewa.

Amsa: 'Yar'uwa, duka biyun sanannu ne. Tacrolimus yana rage insulin, sinadarin da jiki ke samarwa domin daidaita suga a jini, Prednisolone da ake haɗa shi da shi kuma yana ƙara hawan suga. Sau da yawa yakan sauƙaƙa idan an rage su bisa tsari. Akan sauya wa wasu zuwa Cyclosporine, sai dai shi yana kumbura dasashi, yana kuma fito da gashi a fuskar mace. Zubewar gashi takan lafa da kanta.

Tambaya daga Kumasi: Tare aka yi mana dashe da wani Ba'indiye, amma ni ina shan kusan ninkin nasa. Ƙodata ce ba ta da kyau?

Amsa: A'a, Alhaji. Yawancin 'yan Afirka suna gadon wani sinadarin hanta da hanji mai suna CYP3A5 da ke aiki da ƙarfi, yana saurin narkar da maganin, don haka suna buƙatar ƙwayoyi fiye da Turawa da akasarin mutanen Asiya. Abin dubawa shi ne adadin da ke cikin jini, kuma idan kemis ya sauya maka kamfanin maganin, ka sanar da likitanka domin a maimaita gwajin.