Amsa: Imel ya ce za a rufe asusuna

Malam, wannan imel ɗin da ka ce ya ba ka awa 24 ka sabunta BVN (lambar tantancewarka ta banki) ko a rufe asusunka, kada ka danna komai a cikinsa. 'Yan damfara ne, gaggawar ce tarkon.

Duba ainihin adireshin mai aikowa, ba sunan da ke sama ba. Na taɓa samun irinsa: tambarin banki ras, amma adireshin na Gmail ne, an ma sauya harafi ɗaya a sunan bankin.

Banki ba ya neman PIN, OTP (lambar amfani sau ɗaya da ake turo maka a waya) ko lambobi ukun bayan kati ta imel. In ka riga ka shigar da bayananka, kira lambar da ke jikin katin ATM ɗinka a toshe shi yanzu-yanzu, gobe ka je reshe.